Dokar Magani Ta Sauya a Najeriya: Abin da Ya Shafi Makiyayi da Ɗan Kasuwar Iyaka

 Muna miƙa gaisuwa ga 'yan uwanmu makiyaya da ke rugage, da waɗanda ke bisa hanya da dukiyarsu, da fatake da direbobi masu ƙetare iyaka safe da yamma, tun daga Gaya da Kamba, Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari. Allah ya sa albarka a nema, ya kare dukiya.

Yau zancenmu a kan magani yake, na mutum da na dabba. Kowa a cikinmu ya san inda mafi yawan maganin da ke yawo a kasuwanninmu na ƙauye yake fitowa: daga Najeriya, musamman daga Kano. To a 'yan shekarun nan dokar sayar da magani ta sauya a can, yadda ake zartar da ita ma ya sauya. Wanda bai ji ba zai tafi sari yadda ya saba tun shekaru goma da suka wuce, ya dawo ba kaya ba jari, wani ma bai dawo ba sai an je belinsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware maganar dalla-dalla. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Hukumomi uku da ya kamata ku rarrabe

Da farko bari mu raba hukumomin, don mutane na yawan haɗa su wuri guda. A Najeriya akwai NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Aikinta shi ne maganin kansa: ta gwada shi, ta yi masa rajista, ta ba shi lamba. Lambar nan da kuke gani a jikin kwali, ita ce. Akwai kuma PCN, hukumar da ke kula da sana'ar haɗa magani da sayar da shi. Ita ruwanta da mutumin da ke sayarwa da kuma shagon da yake sayarwa a ciki. Ta uku ita ce NDLEA, wadda aka kafa a 1989, mai farautar ƙwaya da kayan maye. Kwali ɗaya na magani yana iya jawo maka dukansu uku: wannan ta ce maganin ba shi da rajista, waccan ta ce kai ba ka da lasisi, ta ukun ta ce abin da ka ɗauko kayan maye ne.

Me ya sauya a 2022?

A watan Agusta na 2022 shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu a kan sabuwar dokar PCN, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1992. A da sunan hukumar yana nufin hukumar masana haɗa magani ne, wato waɗanda suka yi karatun a jami'a. Saboda haka an daɗe ana jayayya, har a gaban kotu, a kan ko tana da iko da masu kemis na unguwa da ƙauye. Sabuwar dokar ta rufe wannan ƙofa. Yanzu hukumar ta sana'ar ce gaba ɗayanta. Duk inda ake yin magani, ko shigo da shi, ko ajiye shi, ko rarraba shi, ko sayar da shi, yana ƙarƙashinta. Tana da ikon shiga ta duba, tana da ikon garƙame shago, kuma an ƙara nauyin tarar da ake ci.

Ga abin da wannan ke nufi a kasuwa. Masu sayar da magani a Najeriya kashi biyu ne a idon doka. Akwai babban kantin magani, wanda mu a nan muke cewa farmasi, inda dole a samu masanin haɗa magani mai rajista yana kula da wurin. Shi ne ke da izinin ba da maganin da sai da takardar likita. Akwai kuma mai kemis, wanda lasisinsa ƙarami ne: an yi masa jerin magungunan da zai sayar, irin su maganin ciwon kai, da na zazzaɓin sauro, da gishirin gudawa, kuma a cikin kwalinsu na asali. Lasisin kemis bai ba mutum izinin yin allura ba, bai ba shi izinin ƙarin ruwa ba, bai ba shi izinin sayar da sari ba. Ana kuma sabunta shi kowace shekara. Don haka Alhaji, in wanda kake sari a wurinsa lasisin kemis kawai gare shi, rasiɗin da ya rubuta maka ba zai tsaya maka ba ranar da aka tare ka.

Akwai wata tsohuwar doka ma da mutane suka manta da ita don an daɗe ba a matsa ba. Dokar jabun magunguna ta 1999 ta hana tallar magani a kasuwa, da tasha, da bakin hanya, da cikin mota. Wato mai faranti a ka, da mai shimfiɗa a ƙasa, da mai wa'azin magani a cikin bas, duk sun saɓa mata tun wancan lokaci. Ita wannan doka ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ga mai yin jabun magani ko sayar da shi. Abin da ya sauya a yau shi ne an fara aiki da abin da ke rubuce.

Daga Sabon Gari zuwa Dangwauro

Duk wanda ya taɓa sarin magani a Kano ya san Sabon Gari, ya san filin Malam Kato da titin Neja. Shekara da shekaru nan ne cibiyar da ke ciyar da arewacin Najeriya, da mu nan Nijar, har Chadi da arewacin Kamaru. Gwamnatin tarayyar Najeriya ta daɗe da fitar da tsarin da ya ce a tashi irin waɗannan buɗaɗɗun kasuwannin magani, a mai da dillalai wuri guda mai katanga, inda jami'an NAFDAC da PCN za su zauna suna ganin abin da ya shiga da abin da ya fita. An yi ta sa rana ana ɗagawa. Kano ce ta fara gina irin wannan wuri a duk ƙasar, a Dangwauro, kan hanyar Zariya, aka buɗe shi a farkon 2023.

Dillalai da yawa suka ƙi tashi, suka kai ƙara. A watan Fabrairu na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta yanke hukunci cewa su koma. Cikin 'yan kwanaki jami'ai suka garƙame shagunan magani fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewayenta. Bayan shekara guda, a Fabrairu na 2025, NAFDAC ta rufe manyan kasuwannin magani uku na kudu a lokaci ɗaya: Idumota a Legas, da kasuwar bakin gada a Onica, da ta Aba. An yi makonni ana bincike shago bayan shago, aka kwashe kaya mota-mota, jabu da wanda ya lalace da wanda aka haramta.

Gaskiya ne dillalan suna da nasu kuka. Sun ce shagunan sabon wurin sun yi tsada, sun ce an raba su da masu sayensu. Ba mu raina wannan kuka ba, don duk ɗan kasuwa ya san zafin a tashe shi daga inda ya kafu. Amma kai mai zuwa sari daga wannan ɓangaren iyaka, abin da ya shafe ka shi ne wannan: maganin da aka fito maka da shi ta bayan gida, daga wani sito da aka ɓoye a lungu, ba shi da uba. In ya zama jabu, ba wanda za ka koma wa. In aka kama shi a hannunka, kai ne mai shi.

Kodin da taramol

Yanzu mu zo kan abin da ya fi kai mutanenmu gidan kaso. A ranar 1 ga Mayu 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da kuma yin sa, kwana guda bayan wani rahoton bincike da BBC ta fitar a kan yadda matasa ke shan sa. Har yau wannan hani yana nan. Kwalbar maganin tari mai kodin da ka gani a kasuwa ta ɓarauniyar hanya ta zo.

Shi kuwa taramol, asalinsa maganin ciwo ne mai tsanani, kuma likitoci suna rubuta shi. Wanda Najeriya ta amince da shi shi ne mai ƙarfin miligiram 50 da mai 100, shi ma sai da takardar likita. Mai 120, mai 200, mai 225 da mai 250, waɗanda suka cika kasuwanninmu, ba su da izini ko kaɗan. Da aka matsa wa taramol, sai masu safara suka koma wata ƙwaya da aka haɗa sinadarai biyu a cikinta, tapentadol da karisoprodol, haɗin da ba wata ƙasa da ta ba shi lasisi. A Fabrairu na 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake yin ta a Indiya ana turo ta Afirka ta Yamma, nan take gwamnatin Indiya ta hana yin ta da fitar da ita. Kwalin yana iya sauya suna da launi, amma a wurin NDLEA a can, da OCRTIS a nan Nijar, duk abu ɗaya ne.

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 suna ta'ammali da kayan maye a ƙasar, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu irin su taramol da kodin suke sha ba bisa umarnin likita ba. Wannan adadi shi ya sa hukuma ba ta wasa da maganar.

'Yan uwana makiyaya, ku yi mini haƙuri in faɗi wata magana. Mun san tafiyar kiwo ba wasa ba ce. Yaro ya kwana yana bin shanu, ya wuni a rana, ƙafa ta kumbura, wani ya miƙa masa ƙwaya ya ce tana kashe gajiya. Ranar farko ɗaya ta ishe shi. Bayan wata biyu sai uku, sai huɗu. Taramol in ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana kuma iya tsai da numfashi. Yaron da ya faɗi yana jijjiga a bakin rijiya ko a tsakiyar garke, a dajin da ba likita, sai dai Allah ya kiyaye. Arɗo, Baffa, ku riƙa duba aljihun samarinku kamar yadda kuke duba kofaton shanunku.

Direbobi da masu babur, ku kuma ga taku. Wani zai ba ka kwali a ɗaure a Illela ko Mai'aduwa ya ce saƙo ne, ka miƙa wa wane a ƙetare, ga kuɗin mota har da ƙari. In kuɗin ya fi na kullum, tambayi kanka dalili. Ka ce a buɗe a gabanka. In ya ƙi, ka bar masa kayansa. A shingen duwan ko na jandarma, wanda aka samu kaya a motarsa shi ake fara riƙewa, mai saƙon kuwa ya kashe wayarsa.

Takardar can ba ta aiki a nan

Ga wani kuskure da ya yaɗu. Mutum zai nuna maka kwali ya ce, ai ga lambar NAFDAC, magani ne mai kyau, ba wanda zai taɓa ni. Lambar NAFDAC izini ce ta sayarwa a cikin Najeriya. Da ka ƙetaro iyaka, dokar wata ƙasa ka shigo. A Nijar dokar magunguna ta 1997 ta keɓe sayar da magani ga farmasi da wuraren ajiyar da hukuma ta ba izini, kuma shigo da shi aikin ONPPC ne da manyan dillalan da aka amince da su. Katin ɗan kasuwa da kake shigo da atamfa ko taliya da shi bai haɗa da magani ba. Haka abin yake in ka juya: maganin da ka saya a farmasi a Maraɗi ko Damagaram, in ka kai shi Katsina ko Daura don sayarwa, ba shi da rajista a can.

Ba mu kaɗai ba ne. Jamhuriyar Benin ta fatattaki kasuwar magani ta Dantokpa a Kwatano tun 2017. A Janairu na 2020 kuma ƙasashe bakwai, ciki har da Nijar da Ghana da Togo, suka haɗu a Lome suka yi alkawarin tsananta hukunci a kan masu safarar jabun magani. Duk inda ka juya a yankin nan, hanyar tana ƙara matsewa.

Amma wanda ke ɗauke da maganin kansa, kada ya tsorata. Mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai asma, kowa yana da haƙƙin tafiya da maganinsa. Ka bar shi a kwalinsa na asali, ka riƙe takardar likita, wadda muke cewa ordonans, ka ɗauki daidai na kwanakin tafiyarka. Matsala tana farawa ne in an ga kwali ashirin na abu ɗaya a jakar mutum guda, ko ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin leda.

Me ya sa ake wannan matsi?

Wani zai ce duk wannan neman kuɗi ne kawai na hukuma. To ku saurari wannan. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan magani 1 cikin 10 jabu ne ko kuma bai kai inganci ba. A 2008 wani maganin haƙoran yara da aka yi a Legas ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya, saboda an haɗa shi da wani sinadari mai lalata ƙoda. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya ta kashe yara kusan 70 a Gambiya. Iyayen nan ba su yi sakaci ba. Magani suka saya don ɗansu ya warke. Lokacin da irin wannan ta faru, abin da ke ceton sauran yara shi ne a san wa ya shigo da maganin, wa ya saya a wurinsa, wane shago ya kai, don a bi a janye shi. Maganin da ya bi ta faranti da buhu ba a iya bin sawunsa.

Akwai kuma maganin da aka yi shi da kyau, hanya ta kashe shi. Ku duba jikin kwali, mafi yawa an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 ko 30 ba. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yana haura 40 a inuwa. Maganin da ya yi kwanaki yana kan faranti daga kasuwar Illela ta Lahadi zuwa ta Maigatari ta Alhamis, rana tana dukansa, kwanan watansa bai ƙare ba amma ƙarfinsa yana iya raguwa. Allurar rigakafi da insulin na masu ciwon sukari su sanyi suke so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wannan shi ne dalilin da doka ta damu da shagon kansa, har ta ce sai an duba shi kafin a ba da lasisi.

Maganin dabbobi

Yanzu ga abin da ya fi taɓa makiyayi. Maganin dabba ma magani ne a idon doka. A Najeriya NAFDAC ce ke yi masa rajista, kuma a 2022 ƙasar ta sabunta dokarta ta yaƙi da cututtukan dabbobi, wadda ta maye gurbin ta 1988. A ɓangarenmu, tun 2006 ƙasashe takwas na UEMOA masu amfani da sefa suka haɗa tsarinsu: izini ɗaya ake bayarwa, ya yi aiki a dukansu. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Kenan kwalbar da ta halatta a Sakkwato ba lalle ta halatta a Tawa ba.

Ku ɗauki maganin sammore. Saniya ta dawo daga kudu ta rame, gashi ya tashi, ido yana hawaye. Ka sayi ƙunshin garin nan da ake damawa a yi allura. In jabu ne, ko an rage masa ƙarfi, saniyar za ta ɗan farfaɗo ta sake kwantawa. Ka yi asarar kuɗin magani, ka yi asarar kwanakin da da an yi mata na gaskiya, wataƙila ka yi asarar saniyar. Araha ba ta ado. Abin da ka rage a kan ƙunshi ɗaya bai kai kuɗin igiyar saniyar ba.

Ko maganin na gaskiya ne, yadda ake ba da shi yana da ƙa'ida. Allurar dabba da nauyi take tafiya. Abin da zai ishi maraƙi ba zai ishi bijimi ba. In ka raba kwalba ɗaya wa shanu goma alhali ta biyar ce, ba ka kashe cutar ba, ka koya mata yadda za ta jure maganin ne. Gobe ko ka ba da cikakke ba zai yi aiki ba. Haka yake ga jan kafso da farin kafso da mutane ke sha guda biyu su bari da zarar sun ji sauƙi. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma shi ya fi kowane yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a.

Sai maganar kwanakin jira. Kowace kwalbar kirki an rubuta mata kwana nawa za a jira bayan allura kafin a sha nonon dabbar ko a ci namanta. Allurar teramisin mai daɗewa a jiki, ta nama makonni ce, ta nono kwanaki. Inna mai tallar nono da fura, wannan taki ce: in an yi wa saniya allura jiya, nononta na yau akwai magani a ciki, kuma 'ya'yanki ne za su fara sha kafin na kasuwa. Mahauta da dillalan shanu, dabbar da aka ɗura wa magani don ta iya tsayawa a kara, aka yanka ta washegari, jama'a ne za su ci sauran maganin. In ba ka iya karanta abin da ke jikin kwalbar ba, ka sa ma'aikacin kiwo ko wani ɗan makaranta ya karanta maka. Mai tambaya ba ya ɓata.

Allurar rigakafi kuwa, irin ta ciwon huhu na shanu da ta annobar awaki da tumaki, daga wuraren gwamnati take fitowa: LABOCEL a Yamai, cibiyar Vom a jihar Filato ta Najeriya, LANAVET a Garwa ta Kamaru. A cikin sanyi ake ɗauko ta, a cikin sanyi take isowa. Duk wanda ya zaro maka kwalbar rigakafi daga aljihun riga a tsakiyar kasuwa, ruwa ya sayar maka. Ku jira ma'aikatan kiwo lokacin zagayensu, ku karɓi takardar shaida, ku adana ta tare da takardun ƙetare iyaka na garke.

To ƙauyen da ba farmasi fa?

Na san abin da wasu ke faɗa a zuci yanzu. Malam, kana magana kamar kowa a birni yake. Rugarmu tafiyar yini ce zuwa likita. In yaro ya yi zazzaɓi da dare, mai faranti shi ne likitanmu. Wannan gaskiya ce, kuma doka ba ta gina farmasi a daji ba. Masana haɗa magani a manyan garuruwa suka taru, a can da nan duka. Matsi ba tare da an kawo madadin ba yana iya sa magani ya yi tsada ko ya ɓace a ƙauye, kuma wannan kuka ne da ya kamata shugabannin makiyaya da na 'yan kasuwa su riƙa kai wa hukuma a duk zaman da aka yi da su.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunmu. Kafin ku tashi tafiyar kiwo, ku biya ta gidan likita ko farmasi ko kemis mai lasisi, ku yi guzurin abin da aka halatta: maganin zazzaɓi da ciwon jiki, gishirin gudawa na yara, da abin wanke rauni. Ku sa a nuna muku yadda ake ba babba da yadda ake ba yaro. Ku ajiye su a cikin kwalinsu, a ƙasan kaya inda rana ba ta bugu. In kun sayi maganin zazzaɓin sauro a Najeriya, da yawa suna da wani wuri da ake kankarewa kamar katin waya. NAFDAC ta fara wannan tsari tun 2010: ka kankare, ka tura lambar ta saƙon waya zuwa lambar da aka rubuta a kwalin, a ba ka amsa ko na gaskiya ne. Ku duba kwanan watan lalacewa. Ku guji kwalin da rubutunsa ya dusashe, ko aka manna wata takarda a kan kwanan watan, da ƙwayar da ta farfashe ko ta sauya launi.

Ɗan kasuwan da ke son ya ci abinci da magani, hanya a buɗe take, amma ta ƙofa ake shiga. A Najeriya ka je ofishin PCN na jiharka ka nemi lasisin kemis, ka yi sari a wurin dillali mai rajista, ka karɓi rasiɗi mai sunan kamfani da lambar rukunin kayan. A Nijar ka je hukumar lafiya ta yankinka ka tambayi sharuɗɗan buɗe wurin ajiyar magani. In kuwa ba za ka iya wannan ba, kasuwa faɗi gare ta: ga hatsi, ga goro, ga fata, ga dabbobi.  Kwalin taramol yana iya cin shekarunka.

Jama'a, lokaci ya yi mana halinsa. Wanda ya ji wannan bayani ya isar wa wanda bai ji ba, a majalisa, a bakin rijiya, a tasha. A duk lokacin da aka miƙo muku magani, na ɗanku ko na saniyarku, ku tambayi mai sayarwa daga hannun wa ya fito, kuma ina takardarsa. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare garke daga annoba, ya kai matafiya gida lafiya.